Rasit Daga Hannun Ɗan Gwaggo

Ina da tsohuwar a-kori-kura da nake ɗauko hatsi da ita daga kasuwannin ƙauye zuwa Funtua, idan damina ta faɗi kuma in loda taki in shiga da shi ƙauyuka. Ita ce sana'ata bayan noma. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, amma ina karanta takarda idan da Hausa aka rubuta ta, kuma kaina yana riƙe lissafi fiye da yadda ya kamata. Tun ina saurayi ake cewa ban yarda da kowa ba. Idan na aika a sayo mini abu, daga baya sai na bi ta wajen mai shagon na tambayi farashi kamar ban san komai ba. Na daɗe ina ɗaukar wannan hali a matsayin wayo.

Mai gyara mini motar tun ranar da na saye ta ɗan gwaggona ne, wato ɗan ƙanwar mahaifina. Bakanike ne, garejinsa yana bakin hanyar da ta fita zuwa Bakori, rumfar kwano ce da benci da ramin duba ƙarƙashin mota. Taubasai ne mu, saboda haka tun muna ƙanana ba mu taɓa gaisawa da hankali ba. Idan na shigo da mota, tun daga nesa zai ce, "Ɗan kawu, yau ma ka turo gwangwanin? Ka sayar wa 'yan gwangwan mana kowa ya huta." Ni kuma in ce, "Bawan gidanmu, tashi ka yi aikinka, ubangidanka ya iso." Na kan benci su yi dariya, shi kuma ya ɗaga bonet yana zagin motar har kakanninta.

Bai taɓa karɓar kuɗin aiki a hannuna ba. Idan wani abu ne ya mutu, nakan ba shi kuɗi ya sayo ko in je in sayo da kaina, amma aikin hannunsa ba a maganarsa. Can a farko na taɓa miƙa masa, sai ya ce in mayar aljihu kafin Gwaggo ta ji ta hana shi tuwo.

Sannan akwai maganar masara. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, duk kaka yakan aika wa ƙanwarsa buhunan masara daga gonar da suka gada, domin ita ma tana da haƙƙi a ciki kuma ba ta taɓa cewa a raba ba. Da ya rasu na ci gaba. Gwaggo a gidan ɗan nata take zaune, shi ya sa a ƙofar gidansa nake sauke buhunan. Na san yadda abin yake sarai: masarar ta Gwaggo ce daga gonar ubanta, gyaran mota kuma zumunci ne daga ɗanta. Babu wanda ya taɓa haɗa su sai ni.

Na fara haɗa su ne a shekarar da hatsi ya yi tsadar da ba mu saba gani ba. Na sauke buhunan a ƙofar gidansa, ina komawa gida kaina ya shiga aiki. Nawa buhu yake a kasuwa yau? Sau nawa na kai masa mota bana, kuma me ya yi mata in ban da ɗaure noti da canza mai? Kafin in isa gida na gama yanke cewa cin ribata ake yi, kuma shi ya sa ba ya son a yi maganar kuɗi. Daga nan duk abin da ya yi sai ya zama shaida a wurina. Idan ya ce in bar motar ta kwana, sai in ce a raina akwai abin da zai cire. Idan ya gama da wuri, sai in ce bai yi komai ba. Wata rana na sami ƙusa na yi wa batir ɗan zane a gefe, na yi wa kafireta, na yi wa wasu ƙarafan da hannuna ya kai, don in gane idan an musanya. Duk lokacin da na ɗauko motar daga gareji nakan tsaya bayan kwana in ɗaga bonet in duba. Ban taɓa samun zanen ya ɓace ba. Maimakon in ji kunya, sai na ce ai yana da wayo, abin da ban zana ba yake taɓawa.

Ana cikin haka wani saurayi ya zo rumfarmu ta direbobi da ke gefen kasuwar hatsi. Yana sanye da farar riga, yana rataye da jaka, Hausarsa ta mutanen Zariya ce. Ya ce shi wakilin wani kamfanin inshora ne, kuma ba inshorar haɗari ya kawo ba, ta lalacewar mota ce a hanya. Ka biya wani abu a shekara, idan motarka ta mutu a hanya su ɗauki nauyin abin da ya biyo baya.

Ya ce iri biyu ce. Ta farko, ka kira su, su turo janwe, wato motar da ke jan mota, da bakanikensu, ba ka ba kowa komai a wurin. Ita ta fi tsada, kuma janwensu ba ya sauka daga kwalta. Ta biyu ta fi sauƙi: ka kira duk bakaniken da kake so, ka biya shi daga aljihunka, ka karɓi rasit mai hatimi da lambar wayarsa, ka ɗauki hoton motar da na abin da ya mutu, ka tura musu, su mayar maka da kuɗinka har zuwa wani adadi da suka iyakance.

Na ce, "Idan na biya, kuka ƙi mayarwa fa?"

Ya ce, "Alhaji, ofishinmu ba ya gudu."

Wani dattijon direba da ke kishingiɗe a tabarma ya ce, "Ofishin ai ba shi da ƙafa, yaro. Ku na ciki ne masu ƙafa."

Aka yi dariya, shi ma wakilin ya yi. Ban taɓa zuwa Makka ba, kuma na lura masu kirana Alhaji yawanci baƙi ne da ke neman wani abu a wurina. Na ci gaba da yi masa tambayoyi har sauran suka gaji. Wa ke duba rasit ɗin? In suka ce na ƙarya ne fa? Bakanikensu da suke turowa, wa ya san shi, kuma in ya cire mini abu mai kyau ya sa mini na jabu, wa zan kama? Ya amsa wasu, wasu kuma ya ce sai ya tambayi na sama. Wannan ya ƙara mini zargi, amma kuma na ga da maƙaryaci ne da ya amsa duka.

Na kwana biyu ina juya maganar. Hanyoyin da nake bi rabinsu ba kwalta, kuma kowa a yankinmu ya san akwai wuraren da ba a son la'asar ta riski mutum a tsaye. Ta farko ba za ta amfane ni a can ba. Wannan shi ne dalilin da na gaya wa mutane lokacin da na zaɓi ta biyu, kuma dalili ne na gaskiya. Amma akwai wanda ban gaya wa kowa ba. Na ga cewa da wannan tsari dole ɗan gwaggo ya buɗe baki ya faɗi kuɗin aikinsa, in biya shi da kuɗin kamfani, daga nan in ga ko nawa ne aikin da nake ta kai wa masara a kansa.

Da na kawo takardar gida, matata ta juya ta ta ce, "Maigida, ka yi shawara da ɗan Gwaggo? Shi ya san mota."

Na ce, "Shi ya san mota, ni na san aljihuna."

Ta ajiye takardar a kan akwati.

Damina ta fara sauka, na ɗauki lodin taki zuwa wani ƙauye da ke gaba da Dandume. Na bar kwalta bayan azahar, na shiga hanyar burji, gonaki hagu da dama masara ta fara tasowa. Ban yi nisa sosai ba motar ta fara tari, ta ja kaɗan, ta mutu. Na murza makulli, injin yana juyawa amma ba ya kamawa. Na sauka na ɗaga bonet na tsaya ina kallo, kamar kallon zai gaya mini wani abu.

Wurin babu gida kusa. Babura suna wucewa jefi-jefi, kowanne ya rage gudu ya dubi lodin ya dube ni. Wasu suka yi sallama suka ce Allah ya kawo sauƙi. Wani mai goyon mutum ya wuce, ya je gaba ya tsaya, suka waiwayo, sannan suka tafi. Wataƙila shawara suke ko su taimaka, amma ni ban ɗauka haka ba. Waya ba ta kamawa sai da na hau saman buhunan takin na ɗaga hannu. Ban yi tunanin wanda zan kira ba, yatsana ne ya je kan lambarsa.

Ya ce, "Ina kake?"

Na faɗa masa.

"Wa ya aike ka can da wannan kwanon awon? Tari ta yi kafin ta mutu ko ɗif ta yi?"

"Tari ta yi."

"Akwai mai a ciki, ko rowar taka ce ta motsa?"

"Da safe na sha mai."

"To famfon mai ne. Ka zauna a inuwa, kada ka taɓa komai, ka san hannunka ba shi da albarka."

Ya iso a kan babur, ƙafafunsa duk taɓo, jakar kayan aiki ɗaure a baya. Bai tsaya gaisuwa ba, ya dubi rana ya shiga aiki. Famfon ne kuwa. Ya zo da wani na hannu da ya ɗauko a cikin tarkacensa. Yana kwance tsohon, ni kuma na fiddo waya ina ɗaukar hoto, na ɗauki motar ta gaba da ta gefe, na ɗauki hannunsa a cikin injin.

Ya ce, "Hoton me kake ɗauka? Miji za ka nema mata?"

Na ce kamfanin inshora ne ke buƙata. Ya ce ashe gwangwanin ya shiga makarantar boko. Da ya cire tsohon famfon ya ajiye a ƙasa, na ɗauka na sa a leda na jefa ƙarƙashin kujera. Ya bi ledar da kallo, ya ci gaba da ɗaurawa. Motar ta tashi tun rana tana da saura. Ya ce kada in kuskura in ƙarasa ƙauyen, in juya, gobe da safe in kai takin. Na juya, shi kuma ya bi bayana a kan babur, ina ganinsa a madubi yana kauce wa ramukan ruwa, har muka hau kwalta a Dandume. A nan ya wuce ni yana danna mini ham.

Washegari bayan na kai takin na dawo, ban wuce garejinsa kai tsaye ba. Na fara biyawa ta layin masu sayar da kayan mota na tambayi kuɗin famfon mai na hannu. Na kuma tambayi wani bakanike nawa zai karɓa idan aka kira shi har bayan Dandume. Na manta, ko kuma ban damu ba, cewa mai shagon da na tambaya kullum ɗan gwaggo yana sayayya a wurinsa, bakaniken kuma sun san juna.

Na tarar da shi a ƙarƙashin wata mota, bencin cike da mutane, akwai masu jiran gyara akwai masu hira kawai.

Na ce, "Ɗan gwaggo, nawa ne aikin jiya?"

Daga cikin ramin ya ce, "Saniya da maraƙinta. Ka haɗo da igiya."

"Da gaske nake. Rasit nake so."

Ya fito yana goge hannu da tsumma. "Rasit a nan? Ka ga na yi kama da banki?"

Na yi masa bayanin tsarin, cewa sai na biya da gaske, kuɗin ya fita daga wayata ya shiga tasa, kamfanin ya ga shaida, sannan su mayar mini. Ya ce kuɗin famfon in ba shi idan na ga dama, tunda shi ma saya ya yi wata rana, amma aikin a bar shi. Na ce ai ba ni zan biya ba, kamfani ne. Ya dubi na kan benci. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Karɓi abinka mana, kuɗin kamfani ba shi da dangi." Ya yi dariya ya ce to in haka ne a ci, amma zai rubuta har da kuɗin wankin wando.

Da na yi shiru a nan, da magana ta ƙare lafiya. Amma abin da na daɗe ina tarawa ya riga ya zo bakina. Na ce, "Hakan ma ya fi. Kowa ya san nasa. In kaka ta yi babu mai duban rumbun wani."

Dariyar ta tsaya. Ya ninke tsumman ya ajiye a kan bonet.

"Rumbun wa ake duba?"

"Magana ce kawai."

"Masarar da kake kawo wa Inna, kuɗin gyara ce?"

"Ban ce haka ba."

"Ka ce." Muryarsa ba ta tashi ba. "Shi ya sa ka bi batir da kafireta da ƙusa? Tun bara na gani. Na ce ko ɓarayin tasha kake tsoro. Jiya kuma ka ɗauke mataccen famfo ka ɓoye, na ce na kamfani ne. Ashe duk nawa ne."

Wani daga kan benci ya tashi ya ce zai je ya yi alwala, ko da yake azahar ba ta yi ba. Na buɗe baki in mayar da abin wasa, in kira shi bawan gidanmu, amma ya riga ni magana.

Ya ce, "Abin da aka gaya maka da safe a layin kayan mota, shi ne kuɗin famfon. Abin da wancan bakaniken ya ce zai karɓa, shi ne kuɗin aikin. Ka ga ba sai ka sake zuwa tambaya ba. Ka dawo jibi, ba ni da takardar yanzu."

Da na koma, ya sa an buga masa ɗan littafin rasit an kuma sassaƙa masa hatimi. Na tura kuɗin, wayarsa ta yi ƙara, bai duba ba. Ya rubuta, ya hura hatimin ya danna, ya yage takardar a hankali ya miƙo mini da hannu biyu.

Ya ce, "Ga shi, Alhaji. Allah ya tsare hanya."

Ko a lokacin, kafin in ninke takardar, sai da na duba ko abin da ya rubuta ya yi daidai da abin da na tura. Yana tsaye yana kallona ina dubawa. Ya yi daidai.

Na kai wa wakilin takardun, daga nan zargina ya koma kan kamfani. Mako ya wuce shiru. Na kira shi, ya ce ana dubawa. Na sake kira, ya ce hoton famfon bai fito sosai ba, in sake ɗauka. Na ce a raina ga hanyar gudu sun fara nema. Na ɗauko ledar daga ƙarƙashin kujera na ɗauki hoton a rana na tura. Sai kuma ya ce za su kira bakaniken su tabbatar. Wannan ya hana ni sukuni, domin na ce yanzu ɗan gwaggo ya sami inda zai rama, kalma ɗaya zai faɗa kuɗina ya nutse. Har na fara shirya abin da zan gaya wa Gwaggo idan ya yi haka. Daga baya wakilin ya gaya mini cewa bakaniken ya amsa duk abin da aka tambaye shi, har ya ƙara da cewa ni mutum ne mai kula da motarsa. Kafin masara ta bushe kuɗin ya shigo wayata, sun cire wani ɗan abu da dama yana rubuce a takardarsu. Na nuna wa matata saƙon. Ta ce, "To, madalla," ta ci gaba da tankaɗe.

A tsakanin nan na kai masa motar sau da yawa, wani lokaci ma ba abin da ya same ta. Yana ganina zai miƙe ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Ya iyali? Ya hanya?" Ya sa a goge mini benci. Ya yi aikin da kyau kamar kullum, ba ya zagin motar, ba ya zagina. Idan ya gama ya faɗi kuɗi, ya ɗauko littafin ya rubuta, ko da noti ɗaya ya ɗaure, ko da ban tambaya ba. Na lura littafin ba ya raguwa sai in na zo. Sauran masu kawo mota yana musu yadda ya saba, a yi ciniki da baki a yi dariya a rabu.

Da kaka ta yi na loda masarar Gwaggo, na ɗora wasu buhuna a kan abin da aka saba. Shi ba ya gida. Gwaggo tana zaune a tsakar gida a kan tabarma tana gyaran wake. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta tashi da sandarta ta leƙo zaure inda ake sauke kayan.

Ta ce, "A shigar da waɗannan, na ubana ne. Waɗancan na sama na mene ne?"

Na ce, "Ƙari ne, Gwaggo."

"Gonar ta ƙara faɗi ne bana?"

"A'a."

"To mayar da su. Ni abin da yayana yake aiko mini na sani. In kana da wani ciniki da wani, ba a zaurena ake yinsa ba."

Na mayar da su mota da kaina. Da zan tafi ta ba ni daddawa in kai wa matata, kamar yadda take yi duk shekara.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tare shi a hanya, na ja shi gefe. Na gaya masa duka, har da tsayawa bayan kwana ina duba zane, har da abin da na zata zai gaya wa kamfani. Na ce na zalunce shi, ya yafe mini. Ya saurara bai katse ni ba. Ya ce, "Na yafe, Alhaji. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya ba ni hannu. Na riƙe hannun na ce, "To bawan gidanmu, a daina Alhajin nan mana." Ya yi murmushi irin wanda yake yi wa mai kawo mota karo na farko, ya ce yana sauri, akwai mai jiransa a gareji.

Na yarda ya yafe, domin ba mutum ne mai faɗin abin da ba ya nufi ba. Duk da haka a hanyar gida na kama kaina ina auna yadda ya faɗi kalmar, da yadda ya zare hannunsa, ina neman abin da ke ƙarƙashi. Halin bai bar ni ba, har a kan yafiyar da na roƙa da bakina.

Da shekara ta zagayo wakilin ya kira ni, ya ce lokacin sabuntawa ya yi, wacce zan ɗauka a wannan karon. Na ce ya ba ni kwana biyu. Na ɗauki takardun na tafi gareji, ba tare da mota ba, a ƙafa. Na same shi yana wanke fulogi a cikin gwangwanin fetur. Na zauna a benci na yi masa bayanin iri biyun daga farko, kamar yadda ya kamata in yi tun bara. Na ce shawara na zo nema, duk wadda ya ce ita zan ɗauka, in ma ya ce in bar su duka zan bari. A raina ina fatan ya ce in yaga takardun, ya ce wa zai yi wa gwangwani inshora.

Ya tambayi kuɗin kowacce, ya tambayi iyakar inda janwen yake zuwa. Ya ɗaga fulogi ɗaya ya hura, ya duba shi a haske.

Ya ce, "Ɗauki ta janwen, Alhaji. Su suna da mota, suna da takarda, komai nasu a rubuce yake. Hankalinka zai fi kwanciya."

Na ce, "Ba sa sauka daga kwalta."

"To ka riƙa tsayawa a kwalta. Babur ɗina ma ya tsufa, ba ya son burji yanzu."

Na jira ko zai ƙara wani abu. Ya sa fulogin a jere da sauran ya ɗauki na gaba.

Na ɗauki ta janwen. Yanzu idan masu taki suka ce a kai musu kaya ƙauyukan bayan Dandume, nakan sauke musu a bakin kwalta, su nemi amalanke ko babura su ƙarasa da shi. Wasu sun koma wurin wasu direbobi saboda haka. Gyaran gida har yau shi nake kai wa, kuma har yau da hannu biyu yake miƙo mini takardar.